Fitilar Ɗakin Amarya

Da aka zo auren 'yata ta fari, na rantse ɗakinta sai ya fi na kowa a Basirka. Takanas na je Birnin Kudu na sayo fitilar nan mai kama da igiya, wadda ake zagaye ɗaki da ita tana canza kala. Gam ɗin bayanta ya ƙi kama bangon ƙasa. Ni kuwa tela ce, abin da ya ƙi zama ɗinke shi nake yi. Na bi ta da babbar allura, na ɗinke ta a saman labule.

Ranar jere aka haɗa ta da batirin sola. Rabi ya kama, rabi ya mutu murus.

Nan take zuciyata ta tafi kan aminiyata. Shekara talatin muna cin tuwo kwano ɗaya, amma da safen ranar na shigo na tarar da ita a kan kujera, hannunta a jikin fitilar, ta kuma yi wuf ta sauko. Ga 'yarta ta girmi tawa, ba a kawo ko goron tambaya ba. Na haɗa wannan da wancan. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A gaban matan da suka zo jere na ce mata, “Hassada ga mai rabo taki ce.”

Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Washegari aka kira mai gyaran wuta daga Gwaram. Ya gwada batiri, ya canza caja, ya duba mahaɗa, duk lafiya. Ni ina tsaye ina nuna masa inda na ga hannun matar. Sai ya bi igiyar da yatsa, ya tsaya.

“Hajiya, wa ya ɗinka wannan?”

Ya ɗaga igiyar ya nuna mini wurin.

“Akwai siririyar hanyar wuta a ciki, allura ta tsinka ta. Ga shi nan wani ya fara warware zaren, bai gama ba.”

Ya yanke wurin a kan wata alamar jan ƙarfe da ke jikin igiyar, ya haɗa, ɗaki ya haske.

Da la'asar na tafi gidan aminiyata, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini cewa zaren take warwarewa.

Ta ce, “Gudu nake kar ki ji kunya a gaban mutane.”

Ta kawo mini ruwa a kofin baƙi, ba a wanda muka saba sha tare ba.