Gorar Bawa

Har gobe ban manta da ranar da na ga Bawa kwance kan gora a tsakiyar gulbi ba. Shekarun tamanin ne, muna jihar Sakkwato, ina nas a asibitin Birnin Kebbi. Duk wata nakan je Argungu in yi wa masu taɓin hankali allurarsu, wadda ke riƙe mutum har wata ya zagayo.

Bawa masunci ne daga Gulma. Da ciwo ya kama shi yana jin muryoyi, yayansa Umaru ya ƙwace gorarsa, babbar nan da masunta ke kifewa a kanta su yi yawo bisa ruwa, ya rataye a ɗaki. Ya ce in ya yi damina guda lafiya, zai mayar masa. Allura ta karɓe shi ƙwarai. Duk zuwansa in ce, "Bawa, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, Malam." Mutumin ƙasarmu ko a kan makara ka tambaye shi, da sauƙi zai ce maka.

Da kaka ta yi sai Umaru ya zo shi kaɗai, ya ce, "Malam, taho ka gani. Yas sace gora, shina cikin ruwa."

Muka hau babur ɗinsa. Hantsi ne, ruwa ya kwanta luf, shinkafar fadama ta yi ja, balbelu suna tashi ɗaya-ɗaya. Can na hango Bawa, ruwa na juya shi a hankali, kunnensa manne da gora, yana murmushi. Wallahi sai da na ji sha'awarsa kafin tsoro ya zo min. Na kira shi. Ya ɗaga kai, idanu jajur, ya ce, "Yi kurum, Malam. Innata na magana ƙasan ruwa, ta ce in sabko a ci tuwo." Innar ta daɗe da rasuwa.

Masunta biyu suka shiga kwalekwale suka lallaɓo shi. Warin wiwi ya riga shi isowa tudu.

Muka kwantar da shi a Birnin Kebbi. Da hankalinsa ya fara dawowa, shugabar ɗakinmu, Sista Talatu, ta zauna kusa da shi ta ce, "Ƙanena, me ya kai ka shan wannan abu?"

Ya miƙo mata hannuwansa, yatsu a sanƙare suna rawa. Ya ce, "Tun da anka soma allurar ga ban iya ƙulla zaren homar kamun kifi. Yaran da ka yankan shinkahwa sunka ce hayaƙin ga shina sake jijiya. Awo, ya sake ta."

"Me ya hana ka faɗa wa Malam?"

"In na hwaɗi, Yaya shi ji, shi ce ban warke ba."

Raina ya ɓaci matuƙa. Allurar kan sanƙarar da wasu, kuma muna da 'yar ƙwayar da ke warware hakan, tana nan cikin akwatin da nake zuwa da shi Argungu. Wiwi ta saki yatsunsa, ta kuma buɗe wa muryoyin ƙofar da muka sha wuya kafin mu rufe. Mai irin ciwon Bawa, zuƙa kaɗan ta ishe shi.

Ya warke, yatsun ma suka dawo. Amma da na kai shi gida, muka tarar Umaru ya yanke bakin gorar, matarsa ta zuba irin shinkafa a ciki. Bawa ya shafa ta, ya ce, "Ta yi kyau da iri." Bai ƙara shiga ruwa ba. A bakin gulbi yake zama yana ɗinke wa wasu homa.

Ku da kuke aikin yanzu, kada ku tsaya kan "da sauƙi", gaisuwa ce kawai. Ni daga ranar har na yi ritaya, da guntun zare a aljihuna nake zuwa aiki. In mun gaisa da mara lafiya, sai in miƙa masa in ce ya ƙulla min.