Rantsuwar da Ta Cinye Sunan Aruna

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a zangon Kumasi ya ji waƙar Aruna, ko da bai san ya ji ba. Wannan mai sanyin da ake sakawa lokacin fito da amarya, wadda ke sa tsofaffi share ido da bakin mayafi, shi ya tsara baitukanta, shi ya haɗa kiɗanta. Har zuwa bara, in kana nemansa sai ka zo Doha, unguwar Al Aziziya, ƙofar wani rukunin gidaje. Shi ne dattijon da ke cikin ɗan akurkin gadi yana ɗaga wa motoci sanda.

Ni direba ne daga Zariya. Shekara shida muna ɗaki ɗaya da shi a unguwar Fereej Abdel Aziz, ina gadon sama yana na ƙasa, don haka ba a teburin mai shayi na tsinci wannan labari ba.

Mahaifin Aruna limami ne. Kawunsa kuwa ma'aikacin jirgin ruwa ne a Takoradi, shi ya riƙa kawo faifan kiɗan soul na baƙaƙen Amurka, waƙoƙin nan masu tafiya a hankali suna ja wa mutum rai. Aruna ya ji, ya ce me zai hana a yi irin wannan da Hausa? Ya kama wani ɗaki a bayan shagon tela, ya lulluɓe bango da kwalin ƙwai, ya zama situdiyo. Aikinsa ba irin na kowa ba ne. Ba ya fara da kiɗa. Sai ya zaunar da mawaƙi ya yi ta jan sa da hira a kan abin da ke ci masa rai, uwar da ta rasu ko masoyin da ya tafi, har sai ya ji murya ta fara rawa, sannan ya danna na'ura. Ganga da molo daga baya suke zuwa, suna bin numfashin mai waƙa. Rabin masu haɗa kiɗa na zango a yau haka suke yi, wasu ma ba su san daga ina suka gada ba.

Ba za su sani ba, don Aruna da hannunsa ya toshe hanyar. Tsoronsa ɗaya a duniya: kada a je wa Baba da labarin ɗan liman ya zama makaɗi. Saboda haka duk mawaƙin da zai shiga ɗakin nan sai ya rantse da Allah ba zai ambaci sunan Aruna ba, ko a bangon kaset, ko a rediyo, ko a filin biki. Bai yi tunanin ya ƙara da cewa “muddin Baba na raye” ba. Wa ke kawo mutuwar ubansa a ka yana ɗan shekara ashirin da biyar?

Cikin waɗanda suka rantse har da Mubarik. A tashar mota Aruna ya tsince shi yana tallar kaset, murya kamar ta ɗan akuya. Ya gyara shi, ya ba shi waƙa ta fi arba'in, har ya zama Alhaji Mubarik da ake gayyata ƙasashe. Shi kuwa Aruna, waya ta kashe kaset, situdiyo ta mutu, liman ya rasu, sai ga shi a Doha cikin kakin gadi.

Bara kamfaninsu ya sanar da shi ba za a sabunta masa kwantiragi ba, shekarunsa sun ja. Saura wata biyu ya tattara komatsansa sai wani Basudane mazaunin gidajen, mai situdiyon tallace-tallace da waƙoƙin aure, ya tsaya a ƙofa da sabuwar waƙa tana tashi a motarsa. Aruna bai san sanda bakinsa ya suɓuce ba: “Mudir, ranka ya daɗe, gangar nan ta danne numfashin mai waƙar.” Mutumin ya shigar da shi situdiyonsa, ya ba shi kujera, cikin awa guda ya gane da wa yake zaune. Ya ce zai ɗauke shi aiki, ya mayar da takardunsa ƙarƙashin kamfaninsa. Amma abokan kasuwancinsa ba za su yarda a ɗauko mai gadi a ɗora kan na'ura ba sai da shaida. Ko kaset ɗaya mai sunansa, ko bidiyon sanannen mawaƙi yana cewa wannan ne ya yi mini.

Kaset mai suna babu. Sherifa, wadda ta rera waƙar amaryar nan, ta rasu. Sauran sun watse. Sai aka ji Mubarik zai zo wasan Sallah na mutanen zango a wata gona a Umm Salal. Ni na tuƙa Aruna, ya sha gugar jallabiya, yana ta murmushi kamar mai zuwa ganin ɗansa.

Kafin la'asar muka same shi a wata rumfa yana cin kabsa, dafa-dukar Larabawa. Ya miƙe, ya rungume Aruna, har da ƙwalla. Aruna ya yi masa bayani a tsanake, ya ce magana ɗaya yake so, a gaban waya.

Mubarik ya goge hannu, ya sunkuyar da kai. “Masta, kai ka sa ni na rantse fa. Da sunan Allah. Ni yanzu na je Makka, ba na wasa da rantsuwa.”

“Ni na sa ka, ni kuma na sake ka,” in ji Aruna. “Baba ya rasu shekara goma.”

“Ba da kai na yi alkawari ba, Masta, da Allah na yi. Khalas, shi ke nan, kada ka jefa ni wuta.”

Nan na tsoma baki, don jinina ya tafasa. Na ce, “Alhaji, ai akwai kaffara. Ciyar da mutum goma ne. Ragowar wannan tiren ma ya isa.” Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce wa Aruna wane ne wannan. Kowa a zango ya san alkawuran biki nawa mutumin nan ya saɓa, amma ranar tsoron Allah ya sauko masa gaba ɗaya. Gaskiyar ita ce shekara ashirin yana faɗa wa 'yan jarida a mafarki waƙa ke zuwa masa, kuma bai shirya farkawa ba.

Da ya hau dandali, waƙoƙin Aruna ya jera. Yadda aka saba, ya riƙa tsayar da kiɗa yana kiran sunayen mutane: shugaban ƙungiya, matar shugaba, mai gonar, har wanda ya kawo janareta. Wayoyi ɗari a sama suna ɗauka. Aruna na tsaye a gaba, leɓensa na bin kowane baiti. Ni ban taɓa jin haushin waƙa mai daɗi ba sai ranar.

Basudanen ya jira sati uku, sannan ya ɗauko wani daga Accra, Kamil, mutumin kirki mai takardu da bidiyo rututu. Ranar Alhamis ɗin ƙarshe ta Aruna a bakin aiki na je ɗaukarsa, sai ga Kamil ya tsaya a ƙofa da mota, gilashi a sauke, kiɗan da ya haɗa na tashi. Ya ga Aruna yana kaɗa kai, ya ce, “Baba, ka ji salon? Murya a fara, kiɗa ya biyo. Alhaji Mubarik ne ya ƙirƙiro shi. Ka san waƙa ne?”

Na buɗe baki zan yi magana, Aruna ya riƙe mini hannu gam.

“Ina dai ji a rediyo,” ya ce, ya ɗaga masa sanda.