Gicciyen Baban Clinton

Shekara ashirin da uku mijina yana mutuwa kowace Ista, ni kuma ina dafa masa ruwan zafi. Azariya Kumai sunansa, amma in ka shigo Kafanchan ka tambayi wannan suna, sai mutane su yi ta kallon juna. Ka ce Baba Yesu, ko mai rake a bakin tasha zai nuna maka gidanmu. Ni ma ban tsira ba. Hellen iyayena suka raɗa mini, amma a kasuwa Matar Yesu ake kirana. Na yi faɗa, na yi zagi, har na gaji na bari.

Ga yadda abin yake. A cocinmu na Katolika, ranar Juma'ar da ake tunawa da mutuwar Ubangiji Yesu, ba karatu kaɗai ake yi ba. Ana fitowa titi a yi Hanyar Gicciye da mutum mai rai. A sa masa farar riga, a ɗora masa kambin ƙaya, samari su yafa jan ƙyalle su zama sojoji da bulala, mata na bi a baya suna waƙa. Daga ƙofar coci ake tashi, a wuce gadar reluwe, a hau tudun bayan makarantar firamare. Sau uku zai faɗi a hanya, haka tsarin yake. A kan tudun a ɗaure shi a gicciye, ya yi maganganun ƙarshe, ya sunkuyar da kai.

Ba don tsarki aka zaɓi Azariya ba, ni zan faɗa maku. Gemu gare shi, kuma siriri ne, kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Lebura ne a reluwe a lokacin, yana gyaran layi. Da jirgi ya daina zuwa sai ya koma dakon buhunan citta a kasuwa. Kafaɗarsa ta saba da kaya, shi ke nan dalilin.

Gicciyen farko da aka ba shi na sassauƙan katako ne. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ce wannan raini ne. Ya je ya samo tsohon katakon da ake shimfiɗa wa layin dogo, baƙi ƙirin, yana warin mai, ya sa kafinta ya tsaga ya haɗa. Sai mutum biyu suke ɗora masa. Takalmi kuwa ba ya sawa ranar, ga kwalta a watan zafi. Na ce masa, “Baban Clinton, wa ya aike ka?” Ya ce ba a wasa da abin da ba wasa ba.

Mutanenmu kuma sai a hankali. Tsofaffi suka fara rusuna masa a hanya. Wata rana da hantsi wata Emilia ta zo daga Manchok da jaririnta mai zazzaɓi, wai ya ɗora masa hannu kawai. Ranar na ga fushin mijina.

“Baiwar Allah, ni Azariya ne! Jiya ma burukutu na sha. Tashi ki kai yaron nan asibiti.”

Shi da kansa ya tare mata mashin. Ni dai ban taɓa ruɗewa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nawa Yesun munshari yake kamar injin niƙa, yana tsince nama a miya in na ba da baya, kuma bai taɓa tuna inda ya ajiye hularsa ba. Na gaskiyan kuwa Ɗan Allah ne, Allah ne, haka na koya a katikisma, darasin addini na coci, tun ina yarinya, haka nake faɗa kowace Lahadi. Amma gaskiya faɗa kawai nake yi, kamar yadda ake amsa gaisuwa.

Clinton shi ne ɗanmu na fari, shi kaɗai ne namiji. Shekara tara ke nan da 'yan bindiga suka tare motar da yake ciki a hanyar dawowa daga gona. Yana da shekara ashirin da biyu. Ba zan yi dogon bayani ba, ba ni da ƙarfinsa. A bayan gida muka binne shi, gindin mangwaro.

Ranar jana'iza an kafa rumfa, an jera kujerun roba, na gaba an rufe su da farin ƙyalle don manya. Manya ba su zo ba. Kowa wakili ya aiko. Wannan ya tashi ya ce mai girma wane ya so ƙwarai ya zo, aiki ya riƙe shi. Wancan ma haka. Ɗaya ko sunan yaron bai riƙe ba, Kilemen ya kira shi har sau biyu. Suka sha lemo, suka kaɗe riga, suka shiga mota. Ni na yi kuka har muryata ta dishe. Azariya ko ɗigon hawaye. Maza suna ta yaba masa, wai namijin duniya. Mtsw.

Mako biyar bayan haka Ista ta zo. Na ce ya huta a shekarar, ya ƙi. Aka yi tafiya kamar kullum, aka ɗaure shi a kan tudu. Da aka zo wajen kukan nan na ƙarshe, inda Yesu yake tambayar Allah dalilin da ya sa ya yashe shi, sai mijina ya buɗe baki. Wayyo! Ban san akwai murya irin wannan a cikin ƙirjin nan ba. Masu shago a gadar reluwe sun ce sun ji. Sojojin wasa suka saki bulala, mawaƙan coci suka manta waƙa. Kowa ya ce bana Baba Yesu ya ƙure. Ni kaɗai na san wa yake yi wa kuka.

Da yamma ina gasa masa baya da tsumma, sai ya yi magana, fuskarsa a ƙasa.

“Maman Clinton, kin ga mutanen nan da suka aiko wakilai?”

“Na gan su.”

“Da Yesu mutumin kirki ne kawai, da Allah ma wakili ya aiko. Ɗan wani ya tura ya je ya mutu, shi yana zaune. Da haka ne, da yau na bar coci.” Na matse tsumma. “Amma da kansa ya zo. Shi aka buga. Ya san yadda abin yake.”

Na ci gaba da gasa masa bayan. Mutumin da ko aji huɗu bai gama ba ke wannan magana. Daga ranar, in muka zo wajen nan a coci da ake shaida cewa Yesu Allah ne, nakan ɗan tsaya kafin in faɗa.

Haka muka yi ta yi. Duk shekara ba ya ambaton yaron, ba ya zama gindin mangwaro, in na fara zancen sai ya ɗauki hula ya fita. Rana ɗaya tak yake ihu, a kan tudu, sannan ya dawo gida ya yi barci kamar jariri.

Sai jiki ya fara ƙi. Hawan jini ya kama shi, ƙafa na kumbura. Bara ya faɗi sau huɗu. Na huɗun ba ya cikin tsari, kuma sojojin banzan nan ba su gane ba, suna ta tsula masa bulala wai ya tashi, sai da na kutsa na hankaɗe ɗaya. Likita ya duba shi ya ce zuciya ce, ko buhu kada ya ƙara ɗauka, balle wancan katako. A gabana aka faɗa. Muna fitowa Azariya ya ce likitan yaro ne.

Na yi lallashi. Na yi faɗa. Na kira 'ya'yanmu mata a waya suka yi masa kuka. Na ce to a sauya gicciyen da marar nauyi, ya ce gara a bari gaba ɗaya. Haba! Na binne ɗa, yanzu in tsaya a titi ina waƙa mijina ya mutu da gaske mutane suna tafi? Na gaji, Allah ya sani na gaji.

Ranar wata Talata da safe, farkon azuminmu na kafin Istar bana, na ɗaura zane na tafi wajen Fada, limamin cocinmu, ba da saninsa ba. Na kai masa takardar likita. Fada ya karanta, ya cire tabarau.

“Mama, Baba ya san kin zo?”

“Bai sani ba, Fada. In ya faɗi a hanyar nan, a wuyanku yake.”

Lahadi mai zuwa aka yi sanarwa. An gode wa Baba Azariya bisa hidimar shekara ashirin da uku, bana Malam Gershon, malamin firamare, shi zai ɗauki gicciye. Aka yi tafi, aka ba shi agogon bango a kwali. Ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna. Kafin mu iso gida matar katakis, mataimakin Fada, ta riga ta fesa masa wanda ya je wajen Fada. Bakin matar nan ba ya riƙe ko ruwa.

Na shirya wa faɗa, faɗa bai zo ba. Da ma ya zage ni. Yana cin abincina, yana cewa sannu, yana shan maganinsa. Agogon yana nan a kwalinsa ƙarƙashin gado. Mako shida muna zaune kamar baƙi biyu a benci ɗaya na asibiti.

Ranar Juma'ar ta zo, na yi shiri, na ce ya tashi mu tafi. Ya ce in je, ƙafarsa na ciwo. Na tafi ni kaɗai.

Ba zan ci amanar Malam Gershon ba, ya yi ƙoƙari. An yi masa sabon gicciye mai rami a ciki, ya sa silifas, ya faɗi sau uku daidai inda aka ce. A kan tudu aka kara masa makirfo a baki, ya faɗi maganganun tsaf, ba kuskure, kamar mai karanta sanarwa. Mata suka share ido. Ni ina tsaye a baya da man zafi a jaka, ban ma san na ɗauko shi ba.

Wajen ƙarfe huɗu na dawo. Ba ya ɗaki, ba ya zaure. Na zagaya baya sai ga shi zaune a kan dutse gindin mangwaro, kusa da kabarin, inda bai zauna ba shekara tara. Ya cire takalmi ya ajiye gefe. Bai ɗago ba.

“An gama?”

“An gama.”

“Ya yi kukan?”

“Ya faɗa.”

“An ji a gada?”

“Ba a ji ba.”

Ya gyaɗa kai. Na ajiye jaka na tsuguna a gabansa, gwiwoyina suna ƙara.

“Baban Clinton, yi a nan. Ba kowa, ni ce kawai da yaronmu. Yi ihunka, maƙwabta su ji, ina ruwanmu.”

Ya buɗe baki. Na ga maƙogwaronsa yana motsi, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ba abin da ya fito. Ya sake gwadawa, sannan ya girgiza kai.

“Ba zan iya ba. Ni wane ne da zan ɗaga wa Allah murya? Lebura? Ɗansa ne kaɗai yake da bakin yi masa wannan tambaya, don su ɗaya ne. Bakinsa nake ara, Maman Clinton. Sau ɗaya a shekara yake ba ni aro.”

Nan na gane abin da na ƙwace. Na ceci zuciyarsa, na toshe masa baki. Kuma ko yau aka mayar da ni ranar Talatar nan, zan sake ɗaura zane in tafi wajen Fada, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai, kin yi daidai, da irin muryar da ake amsa wa wakili.

Ban san abin da zan yi ba, sai na yi abin da na iya. Na shiga kicin na hura wuta, na ɗora tukunya. Da ruwa ya yi zafi na juye a bokiti, na ɗauko tsohon tsumman, na kawo gindin mangwaro. Ya kalli bokitin, ya kalle ni.

“Ba wanda ya buge ni yau.”

“Na sani. Cire rigar.”

Ya daɗe yana kallon kabarin. Sannan ya cire, ya juya mini baya. Babu sabon tabo ko ɗaya, sai tsofaffin na shekara ashirin da uku. Na matse tsumma na ɗora a kafaɗar dama, inda katakon yake zama. Can na ji bayan yana rawa a ƙarƙashin hannuna, a hankali, babu sauti. Ban leƙa fuskarsa ba. Na ci gaba da gasawa har ruwan ya huce.