Ranar da Akwati Ya Ƙaryata Layin Baffa

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba na jin takarar kansila da baffana ya yi za ta fita daga raina.

Baffa tela ne a cikin garin Daura, can wajen Kusugu. Ya fito takara ne shekarar da jam'iyyarsu ta ce za a fid da gwani ta hanyar 'yar tinƙe, wato kowa ya bi layi bayan wanda yake so. To wa zai tsaya bayan wani ɗan takarar, Baffa na waiwayowa yana ƙare wa fuskoki kallo? Surukai da maƙwabta da masu ɗinkin sallah a hannunsa, kowa ya bi sahu, layinmu har ya sha kwana, Baffa ya zama gwanin jam'iyya. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ce kan gaba a layin mata, har da guɗa.

Daga ranar Baffa ya rufe shago, gidanmu ya koma tasha. Inna na tuƙa tuwo safe da yamma, 'yan "sai ka yi" na lashewa su kama gabansu. Wani dattijo ya ce masa, "Malam, babban zaɓe fa ba layi ba ne, kowa shi kaɗai zai dangwala." Baffa ya ce, "Mutanen ai su ne dai, ko canza su za a yi?"

Rumfar zaɓenmu a ƙofar gida take. Ranar babban zaɓe kowa ya shiga lungu ya dangwala, ya fito yana ɗaga masa hannu. Da aka zazzage akwati aka ƙirga a gaban jama'a, ƙuri'un Baffa ba su kai yawan masu zaɓen gidanmu kaɗai ba. Wallahi na ji tausayinsa, nan take babbar rigar ta yi masa yawa.

Ya shiga gida ya tara mu. "A cikinku akwai munafuki." Kowa ya hau rantsuwa. Inna na kankare tukunya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke ba za ki rantse ba?"

"Malam, takara kawai ka samu, bayana ya ƙi miƙewa don tuƙi. In ka zama kansila ai gawata za a fitar daga madafi."

"To ranar layi wa ya sa ki guɗa?"

"Ranar kana kallona."

Washegari ya buɗe shagonsa. Ni kuwa tun daga nan na gane layi kunyar mutane yake ƙirgawa. In kana son sanin abin da ke ransu, ka ba su lungu ka kau da kai.