Ƙafar Bencin Babakura

Ranar da Inuwa dillalin filaye ya fara haɗuwa da Babakura mai walda, sai da ya ratsa unguwar Tumfure ta Gombe kaf da zanen ƙofa a gadon bayansa. Juma'a ce, ya ci farar shadda, ya tsaya a wata sabuwar rumfa bakin hanya don ya tambayi kuɗin taga. Shi kuwa Inuwa ba ya iya ciniki a tsaye sak, sai da abin jingina. Ya jingina da wata ƙofa da aka tsayar jikin darbejiya, ya zuba surutu son ransa, ya tari keke ya wuce masallaci. Sai da aka sallame wani dattijo na sahun baya ya taɓa shi ya ce, "Alhaji, ƙofar nan ta bayanka ta sayarwa ce?" Shuɗin fenti ne ɗanye, da furanninsa da komai, har wurin makulli ya fito.

Ya koma rumfar a fusace.

"Malam, kana kallo na jingina da ɗanyen fenti ka yi shiru?"

"Na yi ta buɗe baki," in ji mai waldar da Hausarsa ta mutanen Barno, "ban samu wurin da zan sa magana ba."

Inuwa ya dubi zanen fuskarsa da kyau. "Au, ashe Babarbare ne. Bawana ne ya yi mini wannan aika-aika."

"Ashe Fulata ne. Shi ya sa. Da saniyarka ce ta jingina, da ta ji sanyin fenti ta matsa."

Tsakanin Fulani da Barebari ba a fushi, wasa ne da aka gada tun kakanni. Daga ranar Inuwa ya samu wurin zama. Akwai wani dogon benci na ƙarfe a rumfar, kullum da hantsi a kansa yake yada zango, ya sha shayin Babakura, ya ci goronsa, ya kuma zage shi.

A kan bencin nan ya ji labarinsa, kaɗan-kaɗan, don Babakura ba mai bayar da labari a dunƙule ba ne. Mutumin Bama ne. Yana da shago a can da injin walda biyu, har daga garin Banki ake zuwa masa da aiki. Daminar da garin ya faɗi hannun 'yan bindiga, a ƙafa suka fita, shi da matarsa da yara da tsohuwarsa Ya Fanta. A hanya aka tare su, ana laluben aljihun maza. Mutumin da ke gabansa a layi malamin asibiti ne, aka samu kati mai tambarin gwamnati a jikinsa, aka ja shi gefe. Babakura bai taɓa ƙarasa wannan labarin ba, Inuwa kuma, duk da bakinsa, bai taɓa tambaya ba.

Daga Maiduguri ya taho Gombe da iyalinsa, ya kama ɗaki guda. Ya fara da haya injin wani, yana ɗinke ƙafar keke da murhun gawayi. Tumfure kuwa a lokacin gidaje ne ke tsirowa a tsakiyar gonakin masara, kowane gida yana son ƙofa da taga. Wani kamfanin gine-gine ya ga hannunsa ya riƙa ba shi aiki. Ya sayi injin kansa, ya sayi ɗan fili ta hannun Inuwa, ya tayar da ɗaki biyu. Guda ya rufe ya shiga. Ɗayan yana nan tsaye ba rufi, kuma shi ne na Ya Fanta, wadda take sansanin gudun hijira a Maiduguri wurin ƙanwarsa. Tsohuwar ta ce ba za ta zo ta takura surukarta a ɗaki ɗaya ba. Damina uku ta yi a ƙarƙashin tamfol, ga tari ya kama ta, Babakura kuma ya rantse ba za ta yi ta huɗu ba.

Ana haka sai ga wata makaranta mai zaman kanta a unguwar Nasarawo tana neman wanda zai yi mata ƙofofi da tagogin sabon bene. Aikin zai rufe ɗakin har ya bar canji. Sharaɗi ɗaya suka sa: a kawo takardar shaidar biyan haraji kafin ƙarshen wata.

Nan Inuwa ya gyara zama. A ganinsa babu abin da bai sani ba a harkar ofis, tunda ya taɓa raka wani ɗan uwansa.

"Kwantar da hankalinka, bawana. Ka tara mini rasit. Na rodi, na fenti, na man janareta, duk abin da ka kashe. Su ce harajinka dubu ɗari, ka ajiye musu rasit na dubu ɗari, kun yi canjaras, ka karɓi takardarka ka yi gaba."

"Haka ake yi?"

"Ni zan koya maka ƙarfe? To kai ma kar ka koya mini gwamnati."

Suka yi mako suna zagayen shagunan da Babakura ke sayayya, ana buɗe tsofaffin littattafai ana sake rubuta masa abin da ya saya. Suka cika leda. Ranar Litinin suka hau keke zuwa cikin gari, aka sauke su a shingen sojoji suka wuce a ƙafa hannu a sama, Inuwa yana ɗaga ledar kamar wanda ya ciyo kofi.

A ofishin haraji suka faɗa teburin wata mata mai suna Juliana, 'yar Billiri, mai gilashi da haƙuri. Ta baje rasit ɗin, ta danna na'urar lissafi ta danna, sannan ta faɗi abin da ya rage a biya na shekarun da suka wuce. Babakura ya ji kuɗin ya cire hula ya riƙe. Kusan kuɗin kwanon rufin ne gaba ɗaya.

"Madam, a sake dubawa," in ji Inuwa. "Rasit ɗin nan sun ninka wannan kuɗin. Ku ne ma za ku ba mu canji."

Juliana ta yi dariya. "Baba, wa ya gaya muku haka?"

"Wani Bafulatani ne," in ji Babakura. "Ba ki san shi ba."

Ta juya wajensa. "Malam, kana sayar da guntayen ƙarfe ga masu gwangwan?"

"Ina sayarwa."

"In ka kai buhu, kafin a ɗora a sikeli ana zubar da ƙasa da tsatsa, ko? To rasit kenan. Daga ribarka yake ragewa, kafin a auna. Abin da ya saura shi ake yanka wa haraji. Rasit na dubu ɗari bai fi ya sauke maka dubu goma sha wani abu ba. Ya yi amfani, amma iyakarsa kenan. Akwai kuma ragi na biyu. An auna, an faɗi kuɗi, sai a tuna an riga an ba da kafin alƙalami, a cire shi cur, naira da naira. Wannan daga harajin kansa ake cirewa. Mu kiredit muke ce masa."

"To mu a ba mu na biyun," in ji Inuwa.

"Ba a bayarwa, Baba, zuwa ake yi da shi." Ta sake duban Babakura. "Ka ce kamfani kake yi wa aiki. Ba sa cire maka wani abu in za su biya ka?"

"Suna cirewa. Biyar cikin ɗari. Na ɗauka rabon manya ne."

"Harajinka ne suke biya maka tun daga tushe. Ba sa ba ka wata takarda mai tambarin gwamnati a sama?"

Inuwa ya ga yatsun Babakura sun danne hular.

"In takardun suna nan ka kawo," in ji Juliana, muryarta ta sauka. "In sun ɓata sai an bi ta kamfanin an binciko, wannan kuwa zai iya cin wata biyu."

Suka kamo hanyar Tumfure. Inuwa, abin mamaki, ya kama bakinsa, sai da suka shiga rumfa ya ce, "Ka ƙone su ko?"

"Na so."

"To?"

"Kashiyan kamfani ya ce in adana, kuɗi ne. Ban yarda da shi ba, amma ban iya ƙona abin da aka ce kuɗi ne ba. Kuma takarda mai wannan tambarin ba za ta kwana a ɗakin da 'ya'yana suke ba. Ko a aljihuna. In an tare hanya fa?"

"Nan Gombe ne, Babakura."

"Bama ma gari ne."

Inuwa ya nemi wuri ya zauna.

"Tashi," in ji Babakura.

"Daga ina?"

"Daga kan bencin. Tashi, Fulata."

Ya kifar da bencin. Ƙafafunsa bututun ƙarfe ne masu faɗi, ƙasan kowace an toshe da faranti an bi da walda. Ashe duk sanda takardu suka taru sai ya naɗe su a leda, ya tura can ƙuryar bututu, ya cika sauran da yashi mai laima don kada zafi ya kai gare su, ya liƙe bakin. A Bama, in ji shi, maƙwabtansa rami suka tona suka binne takardun makarantar 'ya'yansu, gara ta cinye. Shi ya ce gara ba ta cin ƙarfe.

Bai sa injin yanka ba, don tartsatsi. Zarto ya ɗauko, ya durƙusa yana goga a hankali, gumi yana ɗiga. Inuwa yana riƙe da bencin, bakinsa ya dawo.

"Yanzu duk zaman nan da nake yi, a kan baitulmali nake?"

"Riƙe da kyau."

"Shi ya sa in na tashi nake jin ƙafata ta yi nauyi."

Yashi ya zubo, leda ta biyo baya. Ƙafa uku da takardu a ciki. Ta huɗun laima ta shige ta, takardu biyu sun manne sun zama kamar tuwo, sauran kuwa lafiya lau, sai dai sun nannaɗe kamar tabarma, sai da aka ɗora musu guduma suka kwana.

Washegari Juliana ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba lambobinsu a kwamfuta. Tana cirewa kuɗin yana sauka, Inuwa yana leƙe ta kafaɗarta yana "Allahu akbar" kamar mai kallon ƙwallo. Da ta gama, abin da ya rage bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Da waɗancan biyun ba su lalace ba, in ji ta, da ko sisi ba zai cika ba. Babakura ya biya a banki ya kawo shaida. Ranar Alhamis aka miƙa masa takardarsa, da tambarin a sama ɓaro-ɓaro.

Inuwa ya lura da abin da ya yi da ita. Ya juya ta, ya dubi ƙofa, ya dubi aljihunsa. Sannan ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya fita. A shingen sojoji hannunsa yana kan ƙirji, amma ya wuce da ita.

Makarantar ta ba shi aikin. Da kuɗin farko ya sayi kwano da katako, kafin hadarin farko ya haɗu ɗakin ya rufu. Ƙofar da ya yi wa ɗakin ta fi ta kowane alhaji a unguwar, da sakata biyu ta ciki, don tsohuwar ta ce ita yanzu ba ta barci sai ta ji ƙarar sakata. Ya je Maiduguri da kansa ya taho da ita. Ya Fanta ƙaramar mace ce, ba ta jin Hausa sosai. Da aka gaya mata Inuwa Bafulatani ne sai ta miƙa masa ƙullin kayanta ya ɗauka, ta ce ai ba a barin bawa hannu sake.

Yanzu Babakura yana da ma'aikata biyu, dukansu mutanen Gwoza. Rasit yana tsirewa a ƙusa jikin ginshiƙi. Takardun kamfani kuwa suna cikin wata jakar roba a ɗakinsa, kodayake matarsa ta ce har yanzu in ya ji harbi daga nesa, ko da na bikin aure ne, sai ya tashi ya fitar da jakar tsakar gida. Benci ya samu sababbin ƙafafu, na ƙarfen kwana, wanda ba shi da ciki.

A kansa Inuwa yake zaune ran nan, kofin shayi a hannu, ya ce, "Ni fa har yau ban ga la'adata ba."

"Ta me?"

"Ta gadi. Shekara biyu ina danne da dukiyarka, ko ɓarawo bai matso ba. Ga shawarar rasit, ai Madam da bakinta ta ce ta yi amfani."

Babakura ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa.

"Zan biya ka, Fulata, amma sai an zubar da ƙasa kafin a ɗora a sikeli. A cire shayin da ka sha, a cire goro, a cire aikin da surutunka ya hana ni. Abin da ya rage, kai za ka ciko."