Gyaran Iska

Akwai wata Asabar a kakar gasa ta farko da na yi a wannan aiki da har yau ba ta bar raina ba. Tunda ku sababbin zuwa kuna yawan tambayar me ya sa ba na barin kowa ya taɓa taya bayan an sa hannu a takarda, bari in ba ku labarinta.

Ni asalina mai faci ne. Na daɗe a bakin titi a Kano, kuma abu na farko da maigidana ya koya mini shi ne gyara. In ka cika wa direba taya, kafin ka cire tiyo sai ka ƙara masa ɗan fis, kamar yadda mai gero ke ƙara maka ɗan hannu a kan mudu. Wanda bai yi ba, marowaci ne. Abin ya zauna mini a hannu har ba na sanin na yi.

Da na zo Dubai, aikin lodi na samu a wani sito a Jebel Ali. A can na haɗu da Malam Illiya, wani dattijo mutumin Maraɗi, ya zo karɓar kwantenar tayoyi. Ya ga yadda nake gara taya da hannu ɗaya, ya ce, "Kai ɗan Kano, wannan hannun ba na lodi ba ne." Shi ya tsaya mini har wata ƙaramar tawagar tseren mota ta ɗauke ni gwaji na wata uku.

Ga wanda bai san harkar ba, gasar ta ƙasa ce, ana yin ta da sanyi, daga farkon shekara zuwa lokacin da zafi zai fara. Motocin kujera ɗaya gare su, tayoyinsu a waje babu rufi, kuma sulɓi ne, ba su da zane. Kowane ƙarshen mako ana tara maki, wanda ya fi yawa a ƙarshen kaka shi ne zakara. A sashenmu na taya mu uku ne. Injiniya Karim, ɗan Labanan, shi ke rubuta awon iskar kowace taya. Malam Illiya ya auna da geji ya sa hannu. Ni kuma wanki da ɗauka ne nawa. Doka ɗaya ce: wanda ya sa hannu, shi ke amsa tambaya.

Ina kewar wannan lokacin. Motar kamfani ta ɗauke mu a unguwar Al Karama bayan asuba, kowa da kofin shayinsa, Malam Illiya yana ta tsokanata wai Kanawa ko barci suke yi ciniki suke yi. Mu isa fili rana ba ta gama fitowa ba, gareji ya cika da warin roba da mai. Direbanmu Salim shi ke kan gaba a maki, kuma mutum ne mai kirki, ba ya shiga mota sai ya gaisa da kowa da hannu.

Ranar, saura kaɗan a fita tseren safe, aka kira Malam Illiya wajen masu binciken motoci. Ya riga ya auna, ya sa hannu. Ya ce, "Habu, kai su a ɗaura." Na ɗauki ta farko, na ɗana mata yatsa, na ji ƙararta ba ta yi mini ba. Na danna da babban yatsa, ta yi laushi. Raina ya ce, yanzu wannan bawan Allah da ke gaishe ni kullum zai hau titi da taya haka? Sai na jawo tiyo na yi wa kowacce gyara, fis, fis, duka huɗun. Har daɗi na ji, wai na yi alheri a ɓoye.

Abin da ban sani ba, da gangan ake barin su haka. Gudu ne ke ɗumama taya, iskar ta kumbura ta kai inda ake so. In ka cika ta tun tana sanyi, sai ta yi tauri a tsakiyar tsere ta daina kama titi. Salim ya tashi a na ɗaya. Kafin a yi rabi motar ta fara zamewa a kowace kwana, ana wuce shi ɗaya bayan ɗaya ina kallo a allo. Ya gama can baya, babu maki ko ɗaya.

Motar na tsayawa Injiniya ya sa geji da kansa. Ya duba huɗun, ya duba takarda, ya kira Malam Illiya gaban kowa.

"Sa hannun wane ne wannan?"

"Nawa ne, patron."

"Ka auna?"

"Na auna."

"To khalas, shi ke nan. Ka gama mana yau da gobe, Litinin ka je ofis."

Kun san ma'anar zuwa ofis a garin nan. Biza tana tare da aiki. In aiki ya tafi, sai haɗa kaya. Malam Illiya ya karɓi takardar. Ya ninke ta, ya koma ya fara goge gejinsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, shiru na yi. Na je na yi azahar ban san me na karanta ba. Aka kawo abinci na kasa ci. Ina ta lissafin cewa ni ɗan gwaji ne, ko gargaɗi ba za a yi mini ba. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Da aka fara shirin tseren yamma, na ga dattijon nan ya durƙusa yana auna taya a tsanake kamar ba shi aka kora ba, sai na kasa daurewa. Na sami Injiniya a gaban kwamfutarsa na ce ni ne.

Ya ce, "Me ya sa?"

Turancina ya ƙare. Na ce gyara na yi. Sai Malam Illiya ne ya zo ya yi masa bayanin mudu da gero. Injiniya ya dube ni ya ce, "Wato kyauta ka ba shi." Ya kama hannuna ya kai ni wajen Salim, ya ce in faɗa masa da bakina. Wannan ya fi mini kora ciwo. Salim ya saurara, ya ce, "Habibi, masoyina, gobe kada ka so ni haka." Aka janye maganar ofis. Ni kuma aka hana ni kusantar tiyo har ƙarshen kakar, sai wankin wili. Salim bai ci gasar ba, na biyu ya zo, kuma ba wanda ya taɓa yi mini gori, har shi kansa.

A motar komawa na zauna kusa da Malam Illiya na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ai na gan ka. Ina dawowa na hango ka da tiyo a kan ta ƙarshe, amma an riga an fara ɗaurawa, na ce ƙila dubawa kake yi. Ya kamata in sake aunawa, ban yi ba."

Na ce, "To Malam, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Bon, sa hannun nawa ne. Kuma ni na kawo ka."

Abin da na koya ke nan. A wannan sana'ar kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin awo, kuma sa hannu ba tawada ba ce kawai, ɗaukar nauyin duk wanda ke ƙarƙashinka ne. Malam Illiya ya koma Maraɗi shekarun baya, ƙafa ta matsa masa. Yau ni ke sa hannu a takardar, kuma sunayenku ne a ƙarƙashin nawa.