Inda Harsunan Ragunan Layya Suke Tafiya

A bayan garinmu, kafin ka gangara gulbi, akwai itatuwan kanya biyar da suka haɗa kai suka yi inuwa ɗaya. Idan ka zo rana ta uku ta Babbar Sallah ba za ka samu wurin ajiye babur ba. Samari da 'yan mata daga Gummi da Bukkuyum, har da na Anka, kowa ya ci ado ya jingina da kanya ana ɗaukarsa hoto da waya. Tun da daji ya lalace aka daina yawon Sallah mai nisa, nan kaɗai ya rage mana na shan iska, don daga gindin kanya kana hango masallacin Juma'a.

Wani mai neman ƙuri'a ya taɓa zuba kujerun siminti a wurin, ya kafa allon ƙarfe mai rubutu. Na yi shekaru ina wuce allon nan yadda akuya take wuce shi. Sai da na aurar da autata na shiga ajin yaƙi da jahilci, wurin wata malama Kirista 'yar kudancin Kaduna, wadda Allah ya ba haƙurin zama da tsofaffi masu gardama. Da na iya haɗa baƙi, na je na tsaya gaban allon ina bin sa da yatsa. Wai tun zamanin kakannin kakanni mutanen garin nan suka ƙulla alkawari da mutanen ɓoye na gindin kanya, cewa duk layya a kai kawunan raguna can a babbake, a bar musu harshe. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Abu na farko da na karanta da idona a duniya ƙarya ce, kuma a gabana aka haife ta.

Ga yadda aka yi. Ina da goyon fari, Sallah ta faɗo cikin bazara, komai ya bushe ƙayau. Washegarin layya na hura wutar kara a gindin danga ina babbaka kan ragon surukina. Yaro ya yi kuka, na shiga ɗaki na ba shi nono, na fito na tarar wuta ta haye danga ta kama rumbun maƙwabcinmu. Ba a rasa rai ba, amma dawar mutumin nan ta shekara ta zama toka. Ban ɓoye ba a lokacin, ba zan ɓoye yanzu ba, ni ce. Mai gari na wancan zamani ya sa aka yi shela: daga yau ba mace da za ta ƙara babbaka a cikin gida, kowa ta ɗauki kai da ƙafa ta tafi bayan gari.

Da shekara ta zagayo muka fita a jere, daro a ka, itace a hammata, mata na zagina tun daga ƙofar gida har gindin kanya. Babbaka ba wasa ba ce. Ka ƙona gashi, ka kankare, ka sake mayarwa wuta, ƙauri ya shiga maka hanci da zane har kwana uku. Rana ta take, ba wadda ta zo da abin kai wa baki. Sai Inna, uwar maigidana, mace gajera wadda ba ta dariya sai ta gama aikata abu, ta buɗe bakin ragon mijinta ta zare harshe, ta ɗora a garwashi. Ta kwance bakin zane ta fito da gishiri da yaji. Ashe ita da shirinta ta zo. Ta yanka ta miƙa wa na kusa da ita. Kafin la'asar ba kan da ya rage da harshe a gindin kanyar nan.

Mun dawo gida ina jiran abin da zai biyo baya, don surukina ba abin da yake so a jikin rago kamar harshe. Ya leƙa daro, ya juya kai, ya sake juyawa.

Ya ce, "Ke, ina halshen?"

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Masu wurin sun amshe."

"Waɗanne masu wuri?"

"Kun kore mu gindin kanya, kana tsammani a shiga gidan mutane a hura musu wuta a tashi hannu rabbana? Ka gode Allah da halshe sunka tsaya."

Tsoho ya ja a'uziyya ya koma zaure. Kafin a yi sallar magariba Inna ta aika gida gida, kowace mace ta san amsar da za ta bayar.

Shi ke nan abin da mata suka faɗa. Sauran duk maza suka ƙara da bakinsu. Bayan 'yan shekaru sai ga labari ya yi rassa: wai wani mafarauci ne ya fara ganin su, wai dogaye ne farare, wai wani ya taɓa hana matarsa bayarwa sai bakinsa ya karkace. Mutumin nan kuwa da karkataccen baki aka haife shi. Maigidana da kansa, idan ya yi baƙi daga Anka, ina jin sa daga madafa yana ba su labarin yadda kakansa ya yi ido huɗu da sarkinsu. Nakan cusa gefen mayafi a baki. Abin da ya fi mana daɗi shi ne tsoro ya hana namiji ko ɗaya taka wurin a wannan rana. Mu kaɗai. A cire ɗankwali, a miƙe ƙafa, a yi waƙa, a yi gulmar maza tun daga mai gari har mai kiran salla. Duk amaryar da aka kawo garin, Sallarta ta farko za ta zo tana makyarkyata tana karanto addu'o'i, sai a miƙa mata yanka mai zafi a ce, "Ungo, ke ce aljanar." Fiye da shekara arba'in rabin gari na riƙe da magana ɗaya, ba ta taɓa zuba ba. A ƙara ce mini mata ba su da ciki.

Bara ne abin ya zo da gardama. Ɗan ƙanen maigidana ya dawo daga karatu a Sakkwato aka ba shi limancin masallacin unguwa. Saura mako biyu Sallah ya yi wa'azi cewa ba wa aljani naman layya shirka ne, kuma muddin kanyoyin nan na tsaye mutane ba za su daina ba. Mai gari na yanzu ya yarda, har aka yi magana da mai injin yanka katako ya zo ranar Asabar.

In faɗi gaskiya, yaron bai yi ƙarya ba. Ni ma na ga abin da ya gani. 'Yan matan da ke zuwa daga wasu garuruwa sun fara ɗaura tsumma a rassa, wata na roƙon miji, wata na roƙon cin jarrabawa. Wasan da Inna ta yi don yunwa ya fara zama abin da zai kai mutum wuta. Amma kanya me ta yi?

Muka taru mu tsofaffi a gidan aminiyata, wadda muka ci harshen farko tare. Na ce hanya ɗaya ce, a je a faɗi gaskiya. Ta zabura.

Ta ce, "Ke dai ba ki taɓa rabuwa da jawo muna wuta ba. Da kin ƙone rumbu, yanzu mu za ki ƙone. In kin hwaɗi, duk abin da munka taɓa gaya ma mazan ga sai su ce ƙarya ne. A sare iccen mana, shi ya haife ki?"

Na ce, "In an sare, ina za ki miƙe waɗannan ƙafafun naki masu kama da taɓarya?"

Ta ce in fita mata daga gida. Na fita.

Ranar Juma'a bayan an sauko, maza sun cika zauren mai gari, na yafa mayafi na je na yi sallama. Tsufa na da amfani, ba mai iya korar ka. Na durƙusa na yi gaisuwa, maigidana na gefe yana zare mini ido.

Na ce, "Ranka shi daɗe, na zo ba da shaida a kan aljanun gindin kanya. Na san su. Ɗaya ce gabanka."

Na kwashe labari tun daga rumbu har gishirin Inna na zuba musu. Ban rage komai ba. Na ce ko ƙashi aljani bai taɓa samu a hannunmu ba, mu da ba mu ƙoshi ba.

Liman ya gyara zama. Ya ce, "Kina nuhin duk shekarun ga..."

"Duk. Har da uwarka, Allah shi jiƙanta. Shekarar da take da cikinka biyu ta ci, nata da na maƙwabciya. Wa ya sani ko shi ya sa karatu ya zauna maka."

Wani ya tuntsire da dariya daga baya, aka harare shi. Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariyar da yake dannewa, sannan ya daure ya ce to ba shirka ba ce, amma ƙarya ce, kuma ƙarya zunubi ce.

Na ce, "Na yarda, kuma ina neman gafarar Allah. Amma kai ka yi karatu, ka gaya mini. Matar gida ta ci naman layyar mijinta, haram ne?"

Ya ce a'a, halas ne.

"To wanda ya yi ƙarya, icce aka sare ma, ko tuba aka sa shi?"

Ya ce tuba.

Sai wani tsoho mai sayar da goro ya miƙe yana kaɗa sanda. Ya ce shi ba ruwansa da fatawa, rago talatin da wani abu ya yanka a garin nan bai san ɗanɗanon harshen ko ɗaya ba, yana ta yi wa aljanu ladabi, in zai wuce wurin har takalmi yake cirewa. Nan fa zaure ya kaure, masu dariya na yi, masu zagi na yi. Mai gari ya bari suka gaji sannan ya yanke: ba za a sare kanya ba, a tuge allon ƙarya, liman ya yi wa'azi ya gaya wa baƙi ba kowa a wurin sai tsuntsaye, kowace mace kuma ta nemi yafewar mijinta.

Na nemi tawa a wannan yammacin. Maigida ba harshen ya dame shi ba. Ya ce, "Yanzu da wane ido zan kalli mutanen Anka?" Na ce ya gaya musu kakansa bai yi ƙarya ba, matarsa ya gani ba ɗankwali. Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Kanya ta tsira, amma aminiyata ta fi ni hangen nesa a abu ɗaya. Da tsoro ya tafi, washegarin layya muna isa muka tarar da maza sun riga mu. Sun baje a kujerun siminti, kowa ya zo gadin harshensa. Ba mai cire ɗankwali, ba mai waƙa. Mata suka bi ni da ido kamar su jefa ni cikin wutar. Aminiyata ta shimfiɗa tabarmarta can nesa ta juya mini baya.

Na dubi mazan nan, sun sha shadda da turare. Na ɗauki kan ragonmu na dire a gaban maigida, na ɗora masa wuƙa a kai.

Na ce, "Malam, tunda ka zo, bismilla. Mai son halshe shi ka kankara."

Sauran mata suka gane. Kafin ka ce kwabo kowane namiji da kai a gabansa. Muka zuba ɗanyen kara a wuta ta wajen da iska ke kaɗawa gare su. Ƙaurin gashi ya turnuƙe. Mai goro ne ya fara tuna yana da baƙi a gida. Wani ya ce bai ba shanu ruwa ba. Maigidana ya yi ta maza har ya kankare kunne ɗaya, hawaye na zuba, sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce in an gama a kawo masa ko rabi ne. Kafin azahar ba sauran hula a gindin kanya.

Ina tsaye ina bin bayansu da kallo sai na ji muryar aminiyata.

"Ke mai baƙar aniya, za ki zo ki zauna ko sai an aiko miki da doki?"

Ta matsa ta ba ni gefen tabarma, gefen da rana ke bugawa.